Filin Tambaya da Amsa: Idan Kalsiyam Ya Yi Kira, Wa Kainas Ke Buga wa Hatimi?

Tun bayan ɗan bayanin da ya fito a wannan fili a watan jiya, inda na ce aikin kalsiyam bai tsaya ga gina ƙashi da haƙori ba, har saƙo yake isarwa a cikin ƙwayoyin halittar jiki, wasiƙu suka yi ta shigowa daga Kebbi da Zamfara. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na kuma fara da wadda ta fi buƙatar a zauna mata, domin sai an fahimci amsarta sauran za su yi sauƙi.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku, ina nazarin sinadaran jiki a jami'a. An koya mana cewa akwai wasu enzayim da ake kira kainas waɗanda kalsiyam ke kunnawa, an kuma ba mu jerin furotin da aka ce a kansu suke aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne malaminmu ya ce da yawa daga cikin jerin na kwalbar gwaji ne, ba na ainihi ba, sannan ya bambanta furotin da kainas ke aiki a kansa da wanda yake riƙe da kainas ɗin kawai. Don Allah a warware mini. Daga wata ɗaliba, Aliero.

Amsa: Wa alaikis salam, 'yata. Malaminku ya faɗa muku gaskiya, kuma na ji daɗi da maganar ta tsaya miki a rai, domin ɗalibai da yawa haddace jerin suke yi su wuce, alhali tambayar da kika yi ita ce masu bincike suka shafe fiye da shekara 40 suna fama da ita.

Bari mu fara da kalsiyam ɗin kansa. A shekarar 1883 wani likita a Landan mai suna Sydney Ringer ya lura cewa zuciyar kwaɗo da aka cire tana ci gaba da bugawa a cikin ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan famfo, amma ba ta jimawa take tsayawa idan da tataccen ruwa aka haɗa shi. Da ya bi diddigi sai ya gano ɗan kalsiyam da ke cikin ruwan famfon ne sirrin. Yau mun san cewa kalsiyam da ke yawo a sake a cikin ƙwayar halitta mai hutawa kaɗan ne ƙwarai, wanda ke wajenta ya ninka shi kusan sau 10,000, kuma ƙwayar ba dare ba rana tana kwashe shi tana fitarwa waje ko tana turawa cikin rumbunanta na ciki. Saboda haka da zarar wata ƙofa ta buɗe sai ya kwararo, adadinsa ya tashi kafin ƙiftawa da bismillah. Tashin nan shi ne saƙon.

Sai dai kalsiyam ɗan shela ne kawai: yana sanar da cewa lokaci ya yi, amma ba shi ke zartar da abin da za a yi ba. Daga cikin masu zartarwa akwai kainas. Kainas enzayim ne, wato furotin da ke hanzarta wani aikin sinadarai a jiki, kuma aikinsa shi ne ya ciro fosfet na ƙarshe daga jikin ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwayar halitta, ya liƙa shi a kan wani furotin. Amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su, kuma irin kainas ɗin da muke magana a kansu a kan amino asid ɗin serin ko tiriyonin suke liƙawa. Idan ina koyarwa hatimi nake kiran wannan fosfet, domin takardar da magatakardan hakimi ya buga wa hatimi ita ce dai takardar ɗazu, amma yanzu dole a yi aiki da ita. Furotin da aka buga wa fosfet siffarsa tana ɗan sauyawa, sai ya fara aiki, ko ya daina, ko ya bar inda yake ya koma wani sashe, har sai wani enzayim mai suna fosfatas ya zo ya kankare hatimin. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1992, kuma ƙidayar da aka yi a 2002 ta nuna mutum yana da nau'o'in kainas 518.

Yawancin nau'o'in kainas da kalsiyam ke sarrafawa a jikin mutum ba sa jin kalsiyam ɗin da kansu, sai ta hannun wani ɗan ƙaramin furotin mai suna kalmodulin, wanda Wai Yiu Cheung a Amurka da Shiro Kakiuchi a Japan suka gano a 1970, kowa a nasa ɗakin bincike. Amino asid 148 gare shi, da aljihu 4 da kalsiyam ke shiga. Kainas mai hutawa yana da wata jela daga jikinsa da take toshe bakin da yake aiki da shi. Idan aljihunan kalmodulin suka cika sai ya rungumi jelar nan ya janye ta, baki ya buɗe. To ga bambancin da kike nema. Furotin da fosfet ya ƙare a jikinsa shi ne mai karɓar hatimi. Furotin da ya manne da kainas domin ya kunna shi, ko ya danne shi, ko ya kai shi inda zai yi aiki ya ɗaure shi a can, shi ne abokin riƙo, kuma kalmodulin ne babban misalinsa.

Wasu kainas ɗin mai karɓar hatimi guda suka sani. Ki ɗauki masuncin da ya ji an ba da alama a bikin kamun kifi na Argungu, ya ruga da homa da gora ya faɗa Matan Fada. Kalsiyam ɗin da ya sa tsokar cinyarsa ta ƙanƙance, shi ne kuma ya kunna kainas ɗin da ke buga wa enzayim fosforilas hatimi, shi kuwa fosforilas ya shiga farfasa sukarin da tsoka ta adana domin ta samu abin ƙonawa. Umurnin aiki da guzurin aikin a saƙo ɗaya suka zo. A 1978 Philip Cohen da abokan aikinsa a Dandi ta ƙasar Sikotilan suka nuna cewa kalmodulin a jikin wannan kainas yake zaune dindindin, ba zuwa yake yi ya tafi ba. Haka nan kainas ɗin da ake taƙaita sunansa da MLCK, wanda ba shi da wani aiki sai buga wa ƙaramar sarƙar mayosin, furotin da ke jan tsoka, hatimi, kuma da wannan bugun ne tsokar jijiyoyin jini da ta mahaifa ke matsewa. Maganin hawan jini irin amlodifin yana rage shigar kalsiyam cikin tsokar jijiya ne, MLCK ya rage bugu, jijiya ta saki.

CaMKII kuwa, wani kainas da shi ma kalmodulin ke kunnawa, nasa masu karɓa suna da yawa, kuma shi ne ya fi burge ni a duk dangin. Guda 12 suke haɗuwa su yi zobe biyu, ɗaya bisa ɗaya, kuma a wasu sassan ƙwaƙwalwa yawansa ya kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na dukkan furotin. Idan kalsiyam ya yi ta tashi a kai a kai, kowane ɗaya daga cikin zoben yana buga wa maƙwabcinsa hatimi a kan tiriyonin na 286, daga nan sai ya ci gaba da aiki ko da kalsiyam ya sauka, wato ya riƙe labarin abin da ya wuce. A 1992 Alcino Silva da Susumu Tonegawa suka samar da ɓerayen da ba su da wannan kainas a ƙwaƙwalwa, aka ga suna shan wahalar tuna inda aka ɓoye ɗan dandamalin hawa a cikin kwatarnin ruwa, sannan a 1998 aka nuna cewa canza wannan tiriyonin ɗaya tak ya isa ya jawo irin matsalar. A mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai ƙofofi biyu a bangon ƙwaya masu karɓar saƙo, NMDA da AMPA, kuma CaMKII yana manne wa wani sashe na ƙofar NMDA mai suna GluN2B, wanda ke tsayar da shi daidai bakin da kalsiyam ke shigowa, yana kuma buga wa ƙofar AMPA hatimi domin mahaɗar ta ƙara ƙarfi. Ki lura cewa GluN2B abokin riƙo ne, kuma shi ma ana buga masa hatimi, don haka furotin ɗaya yana iya zama duka biyun. A zuciya kuwa irin wannan kainas ɗin fosfolamban yake bugawa, wato furotin da ke yi wa famfon mayar da kalsiyam cikin rumbu birki, sai famfon ya ƙara sauri, zuciya ta saki da wuri ta cika da jini. Kainas iri ɗaya, amma abin da ya haifar ya dogara ga wanda ya tarar a gabansa.

Yanzu sai batun kwalbar gwaji. Kainas ba ya duba furotin gaba ɗayansa kafin ya buga, wani ɗan gajeren jerin amino asid kawai yake nema. CaMKII, alal misali, yana son ya ga arjinin ana saura uku a kai ga serin, kuma furotin masu ɗauke da irin wannan jeri ba su ƙirguwa. Idan kika kulle magatakarda a ɗaki da tarin takardu masu kama da juna, duk wadda ta zo hannunsa zai buga mata. Ina tuna ranar da na fara ganin haka da idona ina ɗalibi: an gauraya kainas da ATP mai ɗauke da fosforos 32 mai fitar da haske, aka zuba kesin, wato furotin ɗin madarar shanu, aka ware su a kan jel, aka ɗora fim irin na hoton ƙashi ya kwana. Da aka wanke fim ɗin aka ɗaga shi saitin fitila, ga baƙin layi nan ɓaro-ɓaro daidai inda kesin yake. Hatimi ya hau babu shakka, amma wannan kainas da wannan kesin ba su taɓa haɗuwa a cikin jiki mai rai ba.

Tun a 1979 Krebs da Joseph Beavo suka jera sharuɗɗan da ya kamata a cika kafin a ce bugun na ainihi ne, kuma masu bincike sun ƙara a kansu daga baya. Dole su biyun su kasance a ƙwaya ɗaya, a sashe ɗaya, a lokaci ɗaya. Dole a ga hatimin yana ƙaruwa a cikin ƙwaya mai rai idan kalsiyam ya tashi, a kuma ga ya ragu ko ya ɓace idan an cire ƙwayar gadon da ke samar da kainas ɗin. Sannan idan aka musanya serin ɗin da alanin, wanda fosfet ba ya iya hawa kansa, ya kamata aikin ya lalace. Cika waɗannan ba wasa ba ne, saboda haɗuwar kainas da mai karɓa ta ɗan lokaci ce ƙwarai, kafin a kama su tare sun rabu, kuma idan aka cire kainas ɗaya sau da yawa ɗan'uwansa yana rufa masa asiri ya ɗauki aikin. Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutane: na'urar auna nauyin gutsattsarin furotin tana iya nuna hatimi ɗaruruwa sun ɓace bayan cire kainas guda, amma da yawa daga cikinsu wasu kainas ne da ke ƙarƙashinsa suke buga su. Wata dabara mai kyau ita ce ta Kevan Shokat, inda ake faɗaɗa aljihun ATP na kainas ɗin da ake nazari har ya iya karɓar wani ATP mai ƙusumbi da sauran ba sa iya karɓa, ta yadda duk furotin da aka tarar da alamar wannan ATP an san wanda ya buga masa. Shawarata ita ce duk sunan da ke jerinku ki rubuta a gefensa irin hujjar da aka kafa a kansa.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni malamin gona ne, ina aiki da manoman shinkafa na rani. A wasu fadamu ƙasa tana yin fari-fari da gishiri, bakin ganyen shinkafa ya ƙone. Shin tsirrai ma suna da irin wannan kainas, kuma ko zuba taki mai kalsiyam zai tayar da su? Daga wani malamin gona, Argungu.

Amsa: Barka kadai, Malam. Suna da su, har ma sun fi mu dabara ta wani fanni. A 1987 Alice Harmon da abokan aikinta suka gano wani kainas a waken soya wanda ba ya jiran kalmodulin, domin aljihunan kalsiyam a jikinsa suke tun asali. Ana kiran wannan dangi CDPK. Ɗan tsiron Arabidopsis da ake yawan bincike a kansa yana da guda 34, shinkafa kuma tana da kusan 30, mutum da dabbobinsa ba su da ko ɗaya.

Game da gishirin da kake gani, an san sarƙar sosai, kuma aikin Jian-Kang Zhu da ɗalibansa a Amurka ne ya fito da ita. Idan sodiyam ya yi yawa a saiwa kalsiyam yana tashi a cikin ƙwayoyinta, wani furotin mai suna SOS3 ya kama shi, ya manne wa kainas SOS2 ya ja shi zuwa bangon ƙwaya, a can SOS2 ya buga wa famfon SOS1 hatimi, famfon ya shiga fitar da sodiyam waje. Ka ga SOS3 abokin riƙo ne, SOS1 mai karɓar hatimi, kuma an nuna cewa shinkafa tana da takwarorin ukun duka. Ɗan'uwan SOS2 mai suna CIPK23 shi ke buɗe ƙofar AKT1 da saiwa ke shan fotashiyam ta cikinta idan ya yi ƙaranci a ƙasa, shi ne kuma ke buga wa mai ɗaukar naitiret NRT1.1 hatimi domin ya iya tsinto ɗan abin da ya rage. Wato biyu daga cikin sinadarai uku da ke buhun takin NPK ta hannun kainas ɗaya ake daidaita shansu a tsiron Arabidopsis. A ganye kuwa, idan fari ya matsa, wasu CDPK suna cikin masu buga wa ƙofar SLAC1 hatimi, ƙwayoyin da ke gadin 'yan ramukan ganye su saki ruwansu, ramukan su rufe.

Akwai misali guda da na tabbata zai shiga ranka. Ka san lokacin da ake matsa ƙwayar shinkafa da farce farin ruwa kamar nono ya fito, kafin ta daskare. A 2002 masu bincike a Japan suka danne wani CDPK mai suna SPK da ke aiki a cikin ƙwayar a wannan lokaci, sai ƙwayoyin suka zama ruwa-ruwa, sukari ya taru a cikinsu bai koma sitaci yadda ya kamata ba. Furotin da aka nuna SPK yana buga wa hatimi shi ne enzayim ɗin da ke fara farfasa sukarin da ganye ya aiko.

Misalin da ya fi kowanne cika sharuɗɗan da na faɗa wa ɗalibar Aliero yana cikin saiwar dangin wake. Ka tuge wake mai lafiya daga ƙasa mai laima, ka karkaɗe saiwar a hankali, za ka ga 'yan ƙulalai manne da ita. Ka fasa ɗaya da farce, idan cikinsa ja-ja ne to ƙwayoyin bakteriya na ciki suna mayar da naitirojin na iska taki. Kafin a gina wannan ɗaki, bakteriyar tana aiko da sinadarin sallama, sai kalsiyam ya shiga tashi da sauka a cibiyar ƙwayar gashin saiwa kamar bugun ganga. Kainas mai suna CCaMK ne ke karanta bugun, ya buga wa CYCLOPS hatimi a wurare biyu, CYCLOPS ya kunna ƙwayoyin gadon da ke fara ginin. A 2006 aka nuna cewa CCaMK da aka cire wa birki yana sa saiwa ta yi ƙulalai ba tare da bakteriya ba, a 2014 kuma masu bincike a Jamus suka nuna cewa CYCLOPS da aka gyara ya yi kama da wanda aka riga aka buga wa hatimi yana yin haka ko babu CCaMK. A kan 'yan'uwan wake biyu, Lotus da Medicago, aka yi wannan aiki. Shinkafa ma tana da CCaMK da CYCLOPS, tana amfani da su wajen ƙulla zumunci da naman gwarin da ke taimaka wa saiwa shan fosforos, shi ya sa wasu ke fatan wata rana a koya wa hatsi yin takinsa.

Amma game da taki, kada manomanka su ɗauka yawan kalsiyam a ƙasa shi ne yawan saƙo a cikin shuka. Kainas tsarin tashi da saukar kalsiyam na cikin ƙwaya yake karantawa. Jibsin, wani farin ma'adini mai kalsiyam, yana da amfani a ƙasar da sodiyam ya kama, domin kalsiyam ɗinsa yana ture sodiyam daga jikin yumɓu, amma sai an haɗa da magudanar da za ta wanke gishirin ta fitar da shi, kuma gwajin ƙasa ya kamata ya riga saye. Ta fuskar iri, tun a 2000 aka nuna a ɗakin bincike cewa ƙara yawan OsCDPK7 yana sa shinkafa jure gishiri da fari da sanyi, sai dai tsakanin tukunyar gwaji da fadamar Argungu akwai tafiya. FARO 66 da FARO 67 masu jure ambaliya da aka fitar a Najeriya a 2017 daga wata ƙwayar gado daban mai suna SUB1 suka samo juriyarsu. Burina shi ne in ga ɗalibanmu na Aliero da Birnin Kebbi sun bi waɗannan sarƙoƙi a cikin gero da dawa da waken gida, domin ba daidai ba ne mu yi ta aron sakamakon tsiron da ba ma nomawa muna ɗora wa abincinmu.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti. Da damina gadajenmu ba sa isar yara masu zazzaɓin cizon sauro. Na ji an ce ƙwayar cutar tana da kainas irin na tsirrai. Ko za a samu magani daga nan? Daga wata ma'aikaciyar lafiya, Yawuri.

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan aiki. Abin da kike gani a asibiti alƙaluma sun tabbatar da shi: binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5, mafi yawa a duk jihohi, kuma Kebbi da Bayelsa ne aka fara ba da rigakafin cutar mai suna R21 a Disambar 2024.

Abin da kika ji gaskiya ne. Ƙwayar cutar, wato Plasmodium falciparum, tana da CDPK guda 7, kuma tunda mutum ba shi da irinsu, akwai damar a samu maganin da zai kama nata ya bar namu. A 2010 aka nuna cewa idan aka rage CDPK5, ƙwayoyin cutar suna girma har su ƙosa a cikin jar ƙwayar jini amma su kasa fasa ta su fito. CDPK4 kuwa a cikin sauro yake aikinsa. Da zarar jini ya shiga cikin sauro, saukar zafi da wani sinadari na jikin sauron suna sa kalsiyam ya tashi cikin daƙiƙoƙi, sai namijin ƙwayar cutar ya ninka kayan gadonsa sau 3 ya fitar da 'ya'ya 8 masu wutsiya cikin kimanin minti 15. Oliver Billker da abokan aikinsa a Landan sun nuna a 2004, da irin ƙwayar da ke kama ɓeraye, cewa idan babu CDPK4 wannan mataki ba ya faruwa, sauro ba ya ɗaukar cutar.

CDPK1 ya nuna mana dalilin da ya sa sanin mai karɓar hatimi na ainihi yake da muhimmanci ga mai neman magani. An nuna yana buga wa MTIP da GAP45 hatimi, furotin biyu na injin da ƙwayar ke kutsawa cikin jar ƙwayar jini da shi, aka daɗe ana ɗauka ba za ta rayu ba tare da shi ba. Daga baya aka yi nasarar cire shi gaba ɗaya, ƙwayar ta ci gaba da rayuwa a jini tana girma a hankali, matakinta na cikin sauro ne ya lalace. Maganin da aka gina a kan zaton farko zai iya ba da kunya a gadon asibiti.

Inda ake da kyakkyawan fata shi ne aljihun ATP. Faɗin da Shokat ke yi wa aljihu da hannu, CDPK4 da shi aka halicce shi, domin amino asid ɗin da ke gadin bakin aljihunsa ƙarami ne, na yawancin kainas ɗin mutum kuwa babba ne. An haɗa sinadarai masu ƙusumbi da ke shiga nasa su kasa shiga namu, kuma a gwaji sun hana ƙwayar cutar wucewa zuwa sauro. Irin wannan magani ba zai sauke zazzaɓin wanda ya sha ba, maƙwabtansa zai kare. Har yanzu babu ko ɗaya daga cikinsu da ake bai wa marasa lafiya, don haka gwajin jini kafin magani, da haɗin maganin zazzaɓin da ake kira ACT, da gidan sauro, da maganin kariya na wata-wata da ake bai wa yara da damina, da sabon rigakafin, su ne abin riƙonki.

Tambaya: Malam, jikana yana cikin yaran da gubar dalma ta taɓa a ƙauyenmu. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma karatu yana yi masa nauyi. Wani ya ce dalma kalsiyam take kwaikwaya, in riƙa saya masa ƙwayoyin kalsiyam. Mene ne gaskiya? Daga wani dattijo, Anka.

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara wa yaron lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Annobar da aka gano a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ta ci rayukan yara kimanin 400.

Rabin maganar da aka faɗa maka daidai ne. Dalma tana kama da kalsiyam ta fuskar caji da girma, tana shiga aljihunan kalmodulin, kuma a 1988 aka nuna cewa ɗan mitsitsin adadinta yana kunna kainas PKC na ƙwaƙwalwa, ƙasa ƙwarai da adadin kalsiyam da ake buƙata. Tana kuma toshe ƙofar NMDA, wadda ta cikinta ne kalsiyam ke shiga ya tayar da CaMKII lokacin da yaro ke koyon sabon abu. Sai ya zama ana buga hatimi ba tare da an yi kira ba, inda aka yi kiran kuma saƙon ba ya isa. Ƙwaƙwalwar yaro tana cikin gini ne, kuma hanjinsa yana shan dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba ke sha.

Ɗaya rabin kuwa ba daidai ba ne, domin ƙwayar kalsiyam ba ta fitar da dalmar da ta riga ta shiga jiki, ba ta kuma gyara abin da ta ɓata. Abin da aka tabbatar shi ne yaron da ke da ƙarancin kalsiyam ko sinadarin ƙarfe, ko mai yini da yunwa, ya fi shan dalma daga hanji, don haka nono da kindirmo da miyar kuka da zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna rage shigar sabuwa. Ka kai shi asibiti a sake auna dalmar jininsa, tunda tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, kuma likita ne kaɗai zai yanke ko yana buƙatar maganin da ke kamo ta ya fitar ta fitsari. Kada a niƙa dutse ko a shanya garinsa a gida, masu dawowa daga haƙa su yi wanka su sauya tufafi kafin su ɗauki yara. Ka kuma je ka zauna da malaminsa ka faɗa masa tarihin yaron, a riƙa zaunar da shi a sahun gaba ana maimaita masa darasi kaɗan-kaɗan.